Littafin Riƙe Zuciya a Kasuwar Canji: Garwa, Fabrairu zuwa Mayu 2025

Litinin, 10 ga Fabrairu, 2025

Da sunan Allah na buɗe wannan littafi. Riba da asara ba su ne babban abin da zan riƙa rubutawa a nan ba, tunda dillalin da na buɗe asusu a wurinsa yana ajiye wannan lissafi har sisin kwabo. Abin da ba ya ajiyewa shi ne halin da nake ciki a lokacin da na danna saye ko sayarwa, ko na yi barci a daren, ko raina a ɓace yake, ko kuwa wani na gani ya nuna ribarsa a waya kwaɗayi ya taso mini. Aikin da na ɗora wa kaina daga yau zuwa faɗuwar ruwan farko shi ne in koyi yin cinikin kuɗin ƙasashe ta waya hankali kwance, in kuma gano abubuwan da ke tayar da shi.

Jarin sefa 300,000 ne, na tara shi daga aikin riƙe lissafi da nake yi a shagon atamfar yayana a babbar kasuwa, kuma da aka juya shi ya zama kimanin dalar Amurka 470. Ban da wannan na kashe 15,000 wajen sayen batirin ajiye caji, ga kuɗin intanet 10,000 a wata, ga kuɗin turawa ta waya, wanda tun Janairun 2022 gwamnatin Kamaru ta ɗora masa harajin kashi 0.2 cikin ɗari bayan abin da kamfanin waya ke cira.

Yuro da dala kaɗai zan taɓa. Dalili kuwa shi ne sefarmu a ɗaure take da yuro tun 1999, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta gaba ba ta baya, saboda haka wanda ya san farashin yuro a dala ya san farashin dala a Garwa da Marwa da Njamena. Yau yuro yana wajen dala 1.03, watau dala ɗaya sefa 637 ke nan ko kusa da haka. Mafi ƙanƙantar cinikin da dillali ya yarda da shi yuro 1,000 ne, kuma duk ɗigo ɗaya (watau dala 0.0001 a farashin yuro) da farashi ya motsa yana daidai da sefa sittin da 'yan kai.

Sharuɗɗan da na gindaya wa kaina suna bangon littafin da babban baƙi. Ba zan bari ciniki ɗaya ya ci fiye da kashi 1 cikin ɗari na jari ba, watau sefa 3,000. Iyakar asara, watau umarnin a rufe ciniki in asara ta kai wani mataki, zan sa ta a wurin dillali a daidai lokacin da na shiga, kuma ba za a matsar da ita baya ba. Lokacin aiki daga tara na safe ne, sa'ad da kasuwar Landan ke buɗewa a agogonmu, zuwa sha biyu. Ba a kwana da ciniki, domin kuɗin kwanan da dillalai ke cira kuɗin ruwa ne. In asara ta zo sau biyu a rana, an tashi sai gobe.

Na shiga da idona a buɗe. A 2018 hukumar kula da kasuwannin kuɗi ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi, shi ya sa ta hana dillalai ba su lamunin ciniki, watau aro, da ya wuce ninki 30 na jarinsu a manyan kuɗaɗe. Wannan adadi na kwafe shi a shafin farko domin idona ya riƙa faɗawa kansa kowace safiya.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

An bi sharuɗɗa. Riba kaɗan, asara kaɗan, barci lafiya.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Yau aka yi mini gwaji na farko, kuma ba daga kasuwa ya fito ba. Wajen goma da rabi na sayi yuro, na sa iyakar asara ɗigo 40 ƙasa da inda na shiga, sai wuta ta ɗauke a unguwarmu ta Yelwa, bayan 'yan mintoci layin waya shi ma ya bi ta. Ba sabon abu ba ne a wannan lokaci, domin wutar arewa ta dogara ƙwarai ga madatsar Lagdo, ruwanta kuwa yakan ja baya da rani. Batirin da na saya ya riƙe wayar, amma ba shi da abin da zai yi wa layi.

Abin da ya kamata in rubuta shi ne yadda jikina ya yi. Na san iyakar asara tana can wurin dillali, ba a cikin wayata ba, na kuma san mafi munin abin da zai faru shi ne asarar sefa 2,500 ko makamancin haka, kuɗin da ba su kai na turmin atamfa mai sauƙi ba. Duk da haka tafin hannuna ya jiƙe da gumi, na riƙa ɗaga waya sama a tsakar gida ina neman layi, har na zura takalmi da nufin hawa babur in je bakin titi. A zaure na tsaya na tambayi kaina abin da zan yi in na samu layin, na tarar babu komai sai kallo. Sai na koma na yi alwala na zauna. Da layi ya dawo bayan azahar, cinikin ya rufe kansa da 'yar riba.

Na fahimci cewa rashin ganin farashi yana tayar mini da hankali fiye da asarar kanta, wanda ke nufin kallon waya ya fara zama mini buƙata. Gobe zan sayi layi na biyu daga wani kamfanin, amma na ƙara sharaɗi cewa da zarar an sa iyakar asara da ta riba, za a kife wayar, ba za a ɗaga ba sai bayan rabin sa'a.

Talata, 25 ga Fabrairu

Na zauna da daddare na bi abin da na rubuta tun farko, sai wani abu ya fito fili. Cinikin da ya tafi daidai nakan rufe shi da wuri, da riba ta kai ɗigo goma sha wani abu sai in ji kamar za a ƙwace mini, alhali na tsara jiran ɗigo 80. Wanda ya karkace kuwa nakan bar shi har ya kai iyakarsa, ina fatan ya juyo. A haka ko da mutum ya fi yawan dacewa, asara guda za ta cinye riba uku.

Wannan hali ba nawa ne ni kaɗai ba, an daɗe da auna shi. A 1998 Terrance Odean ya binciki asusu 10,000 na masu sayen hannun jari a Amurka, ya tarar sun fi saurin sayar da wanda ya tashi, suna riƙe wanda ya faɗi. Tun kafin nan, a 1979, Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna cewa zafin rashi ya fi daɗin samu nauyi a zuciyar mutum, daga baya suka ƙiyasta cewa ya ninka shi sau biyu da ɗan ɗoriya. Mutum yana gudun ya rufe asara ne domin rufewar ita ce amsa cewa an yi ta. A ganina amfanin sanin wannan shi ne a daina dogara da ƙarfin hali a lokacin da farashi ke gudu, a yanke hukunci tun da sanyin safiya, a bar na'ura ta zartar.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Ƙarshen wata, asusu yana dala 476. Azumi ya ƙaraso, zafi ya fara. Zan ci gaba da aikin safe kamar yadda aka saba.

Alhamis, 6 ga Maris

Jiya ban iya rubutu ba, sai yau. Zan bi abin daki-daki domin shi ne mafi muhimmancin abin da ya faru tun da na fara.

Ranar Talata yuro ya yi ta hawa, ni kuwa na ga kamar hawan ya kai ƙarshe, na sayar, watau na shiga cinikin da zai ba ni riba in ya faɗi. Ya ci gaba, iyakar asara ta kama, dala 4 suka tafi. Wannan asara ce ta ƙa'ida, babu abin cewa a kanta. Da daren Talatar ne Friedrich Merz, shugaban jam'iyyar da ta ci zaɓen Jamus, da jam'iyyun da ke shirin kafa gwamnati a Jamus suka sanar da asusun yuro biliyan 500 na manyan ayyuka, tare da sassauta dokar cin bashi saboda kuɗin tsaro, labarin da ke ƙara wa yuro ƙarfi. Labarin yana ko'ina, na kuma karanta shi bayan tarawihi, amma na karanta shi ne da idon mai neman abin da zai gaskata ra'ayinsa.

Laraba bayan sahur da asuba ban koma barci ba, na tsaya kan lissafin shago. Ƙarfe tara na buɗe waya na ga yuro ya haura 1.06, abin da ya zo mini shi ne in jiya ya yi tsada to yau ya fi tsada, kuma faɗuwar da nake jira za ta mayar mini da na jiya har da ƙari. Na sayar a wajen 1.0660, amma maimakon yuro 1,000 na sa 3,000. Da farashi ya matso kusa da iyakar asara na ja ta baya, ya sake matsowa na sake ja, daga bisani na cire ta ɗungurum. Sha biyu ta wuce ban tashi ba. La'asar ta same ni a ɗaki, ƙofa a rufe, fanka tana kaɗa iska mai zafi, leɓɓana sun bushe, ina ƙirga ɗigo. Aka sha ruwa ban san ɗanɗanon kunun ba. Sai bayan isha na rufe a kusa da 1.0780, asarar dala 36, kimanin sefa 22,000, watau kusan kashi 8 cikin ɗari na jari a wuni guda, abin da sharaɗina ya ce sai an yi asara bakwai ko takwas a jere kafin a kai shi.

Na bi sawun abin domin in ga inda ya fara, na tarar ba a wurin cire iyaka ya fara ba. Ya fara ne a wurin ninka girman ciniki. Da yuro 1,000 ɗigo 40 abu ne da zan iya haɗiyewa, da 3,000 kuwa ɗigo 40 ya zama kuɗin da raina ba ya son ya amsa, don haka hannu ya tafi ga matsar da iyaka. Ninkin kuma ramuwa ce ta haife shi, ramuwar ta samu gurbi ne saboda rashin barci. Hadisi ya zo a Buhari da Muslim cewa kada alƙali ya yi hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi, malamai kuma suka haɗa da matsananciyar yunwa da ƙishirwa da gyangyaɗi, domin duka suna rufe tunani. Mai ciniki hukunci yake yankewa a kan dukiyarsa, kuma jiya kusan duk waɗannan sun taru a kaina.

Tsarin abin ɗaya ne ko kuɗin kaɗan ne ko da yawa. Nick Leeson, ma'aikacin bankin Barings a Singafo, ya ɓoye asararsa a wani asusu mai lamba 88888, ya riƙa ninka ciniki domin ya maido ta. Da girgizar ƙasa ta afka wa Kobe ranar 17 ga Janairun 1995 kasuwar Japan ta faɗi, ya ƙara ninkawa, har asarar ta kai fam miliyan 827, bankin da aka kafa tun 1762 ya rushe aka sayar da shi a kan fam ɗaya.

Asusu yana dala 436. Na dakatar da ciniki har ranar 17 ga wata. Yau ma babban bankin Turai ya rage kuɗin ruwansa zuwa kashi 2.5, ban buɗe waya na ga yadda kasuwa ta karɓa ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Na je gaida Kawu, yayan mahaifiyata, wanda ya tsufa a sana'ar canjin naira da sefa. Na same shi a rumfarsa, ɗaurin kuɗi jere a cikin akwatin ƙarfe kowanne da robarsa, ga ɗan soso jiƙaƙƙe a murfin gwangwani da yake dangwala yatsa kafin ƙirga. Na ba shi labarin ranar Laraba ban rage komai ba. Bai tanka ba sai da ya gama ƙirga ɗaurin da ke hannunsa ya mayar da roba.

Ya ce, "Ɗana, kuɗin da ka sayar ɗin nan, nawa ne a sefa?" Na lissafa na ce, "Kawu, yuro 3,000 ya kusa miliyan biyu." Ya ce, "Kai kuma nawa gare ka?" Na ce dubu ɗari uku. Ya ce, "To jaki ne aka ɗora wa kayan raƙumi, in ya durƙusa ba a ce ba shi da haƙuri ba."

Daga nan ya ba ni labarin Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, faran ɗin Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100, da kuma Yunin 2023 da Najeriya ta saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 700 cikin kwanaki, kafin shekara ta zagayo ta wuce 1,500. Ya ce duka biyun sun same shi da kuɗi a hannu, duka biyun ya yi asara, amma bai taɓa rasa barci ba, domin tun yana yaro maigidansa ya hana shi kwana da nairar da ta fi abin da zai iya rasawa, kuma bai taɓa yin canji da kuɗin aro ba. Ya ƙara da cewa ba ya yanke farashi mai girma da tsakar rana a watan azumi, in babban ciniki ya zo yakan ce a dawo bayan an sha ruwa.

Na taɓa ɗaukar natsuwar Kawu a matsayin hali da aka haife shi da shi. Yau na ga cewa tsari ne ya gina ta, kuma rabin tsarin lissafi ne. Wanda ya rasa kashi 10 na jarinsa yana bukatar ribar kashi 11 ya koma inda yake, wanda ya rasa rabi kuwa sai ya ninka abin da ya rage. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ko mafi ƙanƙantar cinikina, yuro 1,000, sefa 655,957 ne, ya ninka jarina fiye da sau biyu. Ashe tun ranar farko da aro nake aiki.

Juma'a, 14 ga Maris

Zinariya ta haura dala 3,000 kan kowane oza a karon farko a tarihi. Zauren WhatsApp ɗin da nake ciki da wasu samarin Garwa da Ngaundere ya cika da hotunan riba, kowa yana cewa a shigo kafin mota ta tashi. Na ji abin ya motsa mini, don haka na yi lissafi a takarda. Mafi ƙanƙantar ciniki oza ɗaya ne, sama da sefa miliyan 1.8 a farashin yau, kuma in zinariya ta motsa dala 40 a wuni, abin da takan yi, kusan kashi goma na asusuna ke nan. Na kashe sanarwar zauren. Na lura ba a taɓa saka hoton asara a cikinsa ba, alhali adadin da ke shafina na farko ya nuna cewa mafi yawan masu wannan ciniki asara suke yi.

Laraba, 19 ga Maris

Na koma aiki tun Litinin da yuro 1,000, bayan barcin safe. Babban bankin Amurka ya bar kuɗin ruwansa tsakanin kashi 4.25 da 4.5, sanarwar ta fito ƙarfe bakwai na yamma a agogonmu, jim kaɗan bayan shan ruwa, ba ni da komai a buɗe.

Litinin, 24 ga Maris

Maganar aro ba ta bar ni ba, saboda haka bayan tafsiri na tsaya na ga malaminmu. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ina cinikin kuɗin ƙasashe ta waya, ba na kwana da ciniki saboda gudun kuɗin ruwa, amma dillali ne ke ara mini abin da ya wuce jarina." Ya tambaye ni ko zan iya ɗaukar aron in kai wani wuri in yi ciniki da shi, na ce a'a, sai a wurinsa, kuma yana cin ratar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa. Ya tambaya ko yuron da na saya yana shiga hannuna ko asusuna ta yadda zan iya cire shi, na ce a'a, bambancin farashi kawai ake lissafa mini.

Ya ce majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami ta zauna a Makka a 2006 a kan wannan nau'i na ciniki, ta kuma hana shi, ba don kuɗin kwana kaɗai ba, har da haɗa bashi da dillanci, domin bashin ya jawo wa mai bayarwa amfani, da kuma rashin karɓa hannu da hannu, wanda sharaɗi ne a canjin kuɗi kamar yadda hadisin Ubada ɗan Samit ya nuna a kan zinariya da azurfa. Ya ce, "Ka je ka karanta hukuncin da kanka, ka kuma tambayi wanda ya fi ni sanin harkar, amma kafin nan kada ka ƙara."

Abin da ya ba ni mamaki shi ne Kawu ta hanyar kasuwa da Malam ta hanyar fiƙihu duk wuri ɗaya suka nuna. Daga yau na daina buɗe ciniki da kuɗin gaske. Asusu yana dala 441, kimanin sefa 268,000, zan bar su a wurin har in gama bincike. Goman ƙarshe ma ta shiga, babu kasuwa sai bayan sallah.

Juma'a, 4 ga Afrilu

An yi sallah lafiya. Na koma kan asusun gwaji, wanda kuɗinsa ba na gaske ba ne. Daren Laraba da ƙarfe tara a agogonmu shugaban Amurka Donald Trump ya sanar da sabon harajin shigo da kaya, kashi 20 a kan Tarayyar Turai, kashi 34 a kan Sin, washegari yuro ya haura 1.11. Yau Sin ta rama da nata kashi 34. Tunda Amurka ta sauya agogo, rahoton ayyukan yinta na wata yanzu ƙarfe ɗaya da rabi yake fitowa, daidai lokacin da muke masallaci. A Maris da ina da ciniki a buɗe da tunanin rahoton zai bi ni har sahu, yau kuwa na saurari huɗuba da kunnuwana biyu.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Ma'aunin manyan kamfanonin Amurka na S&P 500 ya zubar da sama da kashi 10 a ranakun 3 da 4 ga wata, jiya kuma da aka jinkirta mafi yawan harajin na kwana 90 ya tashi da kashi 9.5 a wuni ɗaya. Wani abokina daga cikin zauren ya zo shago da hantsi, idonsa jawur. Ya sayar da ma'aunin ne da lamuni mai yawa yana jiran faɗuwa ta ci gaba, sanarwar ta fito ana shirin magariba, kafin ya fito daga masallaci dillali ya rufe masa komai. Ya ce ya sa iyakar asara, amma farashi ya tsallake ta, aka rufe shi can nesa da inda ya sa.

Wannan ya gyara mini wani abu da na dogara da shi tun Fabrairu. Iyakar asara umarni ne cewa a rufe a farashin farko da aka samu, ba alkawari ba ne cewa za a samu farashin da aka rubuta. Ranar 15 ga Janairun 2015 babban bankin Suwizalan ya janye kariyar da ya sa cewa yuro ba zai sauka ƙasa da faran na Suwizalan 1.20 ba, cikin mintoci faran ɗin ya tashi da kusan kashi 30, mutane da yawa suka wayi gari dillali na bin su bashi, kamfanin dillanci na Alpari na Ingila ya durƙushe. Ga mu masu sefa wannan tarihi yana da nauyi na musamman, tunda mu ma kuɗinmu da alkawari yake ɗaure, kuma 1994 ta nuna cewa ana iya sake lissafin ɗaurin.

Ban yi wa abokina wa'azi ba, domin ba ranarsa ba ce. Na roƙe shi abu ɗaya, kada ya taɓa kuɗin adashin da ke hannunsa da sunan ramuwa, ya kuma yi mini alkawari.

Talata, 15 ga Afrilu

Asusun gwaji yana tafiya da riba, amma ribar ba ta gaya mini komai. A can nakan jira ɗigo 80 ba tare da gabana ya faɗi ba, nakan ga asara in wuce. Yana koya wa mutum inda ake dannawa da yadda ake karanta zanen farashi, amma abin da na buɗe wannan littafi dominsa ba ya taɓa shi ko kaɗan, domin zuciya ta san kuɗin ba nata ba ne.

Laraba, 23 ga Afrilu

Jiya zinariya ta taɓa dala 3,500, yau ta sauko ƙasa da 3,300. Zauren ya yi tsit.

Na gano wani abu a nawa lissafin wanda ban sa shi cikin sharuɗɗa ba. Yuro ya haura 1.15 ranar Litinin, watau dala ta sauko wajen sefa 570. Dala 441 ɗin da ke zaune a asusuna, waɗanda ranar 24 ga Maris suke 268,000, a wannan farashin sun koma kimanin 251,000, ban saya ba ban sayar ba. Duk wanda ke ci yana sha da sefa, ya ajiye kuɗi a dala, to yana cikin ciniki ko ya sani ko bai sani ba. Na ji sha'awar in janye su a take, na kuma ji sha'awar in jira dala ta farfaɗo, na ga cewa dukansu hasashen farashi ne. Na yanke cewa ranar janyewa za ta zama ranar da na gama bincike, farashi ya kasance yadda ya kasance.

Litinin, 5 ga Mayu

Na karanta hukuncin majalisar fiƙihu, na kuma zanta da wani malami na biyu da ya karanci harkar kuɗi, bayaninsa bai saɓa wa na farko ba. Yau na nemi a rufe asusun a dawo mini da kuɗina. A farashin yau, dala wajen sefa 580, za su zo kimanin 256,000 kafin a cire kuɗin turawa. Cikin 44,000 da suka ragu, wajen 17,000 ciniki ne ya ci (asarar ranar 5 ga Maris kaɗai ta fi haka, ƙananan ribobi ne suka rage ta), sauran 27,000 kuwa faɗuwar dala ce. Intanet da batir da layi na biyu sun ci wajen 46,000 daban.

Mataki na gaba kashi biyu ne. Kawu ya yarda in riƙa zama a rumfarsa Asabar da Lahadi da sefa 100,000 tawa, canjin naira hannu da hannu, babu aro, kuma zan ci gaba da rubuta halin da nake ciki kafin kowane ciniki da bayansa, da sa'o'in barcin daren, kamar yadda na saba. Sharaɗinsa shi ne abin da zan kwana da shi na naira ba zai wuce kashi ɗaya bisa huɗu ba. Sauran kuɗin zan ajiye su a sefa yayin da nake binciken kasuwar hannun jari ta BVMAC da ke Duwala, wadda aka haɗe ta zama ta ƙasashe shida na CEMAC, ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka masu sefa, a 2019. Kamfanonin da ke cikinta kaɗan ne, irin su Socapalm mai manja da Safacam mai roba da manja, ciniki kuma ba ya yawa, ta yadda mai son sayarwa kan jira kafin ya samu mai saye, wanda wani irin gwajin haƙuri ne daban da na waya. Sai ta hannun kamfanin dillanci mai lasisin COSUMAF, hukumar da ke kula da kasuwar, ake shiga, don haka a wannan mako zan rubuta wa biyu daga cikinsu in tambayi mafi ƙarancin abin da ake buɗe asusu da shi da kuɗin da suke cira, in kuma nemi rahoton shekara na kamfanonin in kai wa Malam ya duba yawan bashi mai ruwa da ke kansu. Zama na farko a rumfar Kawu ranar Asabar ne, 10 ga wata, bayan sallar walha.